Abokin hirar da ba shi da ido

Ɗan yayata ya faɗi jarrabawar BAC karo na biyu, kuma duk gidan mun ɗauka ya haƙura. Yana fita sallar asuba, yana zuwa fadarsu bayan isha'i, in an tambaye shi ya ce lafiya lau. Ranar nan ya miƙo mini wayarsa in duba masa takardar neman aiki da manhajar hira ta ChatGPT ta gyara masa da Faransanci. Ina neman takardar sai idona ya faɗa kan jerin hirarrakin da ke gefe. Ban buɗe ko ɗaya ba, amma kanunsu kaɗai sun ishe ni: rashin barci, nauyin ƙirji, yadda mutum zai daina jin cewa shi kaya ne a wuyan iyayensa. Na bari sai da muka keɓe.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, in na gaya maka, gobe da wane ido zan dube ka? Shi wannan ba shi da ido."

Tun daga ranar maganar nan ba ta bar ni ba, domin yaron ya faɗi abin da ya sa matasanmu ke kai kukansu ga na'ura, kuma a cikin kalmomin nan dai ya faɗi abin da na'urar ba za ta taɓa iya yi musu ba.

Hausawa sun ce kunya a ido take. Mun tashi a inda ake koya wa yaro cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, mace ta gari ba ta tona asirin ɗakinta. Ɗan fari ko sunansa uwa ba ta kira, balle su zauna ya zazzage mata cikinsa. Wannan tarbiyya tana da kyawunta, ita ta ba mu kara da kawaici. Amma tana da tsada, kuma matasa ne suka fi biya. Fada, wadda ta zama gida na biyu ga samarin Nijar tun shekarun 1990, ta ɗauke wani ɓangare na nauyin: ana dafa shayi, ana gardamar ƙwallo da siyasa, ana haɗa gudummawar aure da suna. Sai dai fada wurin barkwanci ce. Wanda ya ce dare uku bai runtsa ba saboda tunani ya san kafin a sauke shayi na biyu an laƙaba masa suna.

Ga kuma abin da ke danne su. Maradi gari ne da numfashinsa ke haɗe da iyaka. Da aka rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke kuran, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta yi tsit har zuwa Maris na 2024, samari da yawa masu ɗan kai-kawo da kaya sun ga jarinsu ya narke a hannu. Masu diflom suna zaune suna jiran a buɗe gasar ɗaukar aiki. Ƴan uwa daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji suna zuwa da labarin ƴan bindiga da kuɗin fansa. Budurwa tana jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kowane biki ta je sai an tambaye ta yaushe za a sha nata. Mai ɗauke da irin wannan, in ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa, a ina zai same shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nahiyar Afirka likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga kusan mutum 500,000. Ko da an same shi, akwai bakin mutane: a ga ƙafarka a wurin, a ce ka taɓu, maganar ta biyo ka har ranar neman aure.

To sai ga wani abu a aljihu, wanda ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya ce maka ka yi haƙuri ya juya, kuma bai san babanka ba. Kuɗinsa mega kaɗan ne. Ni ban ga laifin yaron da ya jaraba shi ba. Gaskiya ne har yanzu abin ya fi yawa a hannun ɗalibai da ƴan kasuwa masu karatu a cikin gari, amma su ne waɗanda ƙannensu ke kallo, kuma yanzu ana iya yi wa manhajar magana da murya ta amsa da murya.

Ba na cikin masu cewa ba ta da amfani. Fitar da damuwa cikin kalmomi shi kansa sauƙi ne. Yaron da ya yi zaton zuciyarsa ce za ta buga, ya karanta cewa faɗuwar gaba da gumi da sarƙewar numfashi na iya zama alamar fargaba mai tasowa farat ɗaya, kuma ana warkewa, ya sami abin riƙewa. A watan Maris na 2025 masu bincike a jami'ar Dartmouth ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin wata manhajar hira mai suna Therabot a kan mutum 210, inda waɗanda suka yi amfani da ita suka sami raguwar alamomin ciwon damuwa da kusan kashi 51 cikin ɗari. Amma a lura da sharaɗin: likitoci ne suka yi shekaru suna gina ta don wannan aiki kaɗai, kuma suna bin hirarrakin da ido don su shiga tsakani idan abu ya yi tsanani. Wadda ke wayar ɗan yayata ba ita ba ce. An gina ta ne ta yi komai, daga gyaran wasiƙa har lissafi, kuma ba wanda ke zaune yana gadin yaron.

Ya kamata mu fahimci mece ce ita. An ɗura mata rubuce-rubuce masu yawan da mutum ba zai karance ba ko da zai rayu shekara dubu, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Duk amsar da take bayarwa, jera kalmomi take yi ɗaya bayan ɗaya bisa wannan awo. Idan ta ce ta ji zafin abin da ya same ka, ba abin da ta ji, jimlar ce ta dace da wurin. Wannan ba ya hana zuciyar mutum karɓarta. Tun 1966 wani masani a jami'ar MIT, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata ƴar manhaja mai suna ELIZA wadda ba abin da take yi sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda ya haɗa abin da hannunsa, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Abin ya tayar masa da hankali har ya zama ɗaya daga cikin masu gargaɗi kan wannan fasaha. Idan waccan ta iya haka, ina ga ChatGPT wadda aka saki ranar 30 ga Nuwamban 2022 da ƙannenta, masu lallashi kamar gwaggo?

Akwai mataki na biyu a gininta, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Bayan ta koyi jera kalmomi, sai a sa mutane su duba amsoshinta su zaɓi wadda ta fi musu daɗi, a ƙarfafa ta a kan irin wannan. Ɗan Adam kuwa ya fi son wanda ya ce masa yana da gaskiya. Sai manhajar ta tashi da halin bafade: duk abin da ka faɗa, gaskiyarka ne ranka ya daɗe. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye wani sabon zubi na manhajar mai suna GPT-4o a watan Afrilun 2025, ya amsa cewa ya cika fadanci, yana goyon bayan mutane har a inda bai kamata ba. Sun rage, amma tushen halin yana cikin yadda ake koyar da ita.

A kawo wannan cikin gidan Bahaushe. Saurayi ya rubuta cewa kishiyar uwarsa ce ta sa mahaifinsa ya juya masa baya, ƴan uba sun haɗe masa kai. Manhajar ba ta san gidan ba, ba ta ji ta bakin kowa ba, sai abin da ya ba ta. Za ta tausaya masa, ta jera masa dalilan da suka sa ɓacin ransa ke bisa hanya, wataƙila ta ba shi shawarar ya nisanci masu cutar da shi, shawarar da aka yanka daidai da rayuwar wanda ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya a Turai. Kaka kuwa, da ita ya kai wa, za ta saurare shi, sannan ta ce, "Kai ma fa ka san abin da ka yi ranar sallah." Wannan tsawa mai haɗe da ƙauna ita ce ke dawo da mutum kan hanya, kuma ba ta fitowa sai daga wanda ya san ka tun kana rarrafe. Idan kuma abin ya wuce ɓacin rai, yaron ya fara ganin kowa na binsa ko yana jin muryoyi, mai gaskata shi a kan komai ƙara masa itace yake a wuta.

Akwai kuma waswasi, wanda ba a cika maganarsa ba alhali ya yi yawa. Mai wannan lalura yana tambaya: alwalata ta yi? Wannan ƙurjin ba daji ba ne? Abin da ya ɗarsu a zuciyata bai fitar da ni daga addini ba? A ba shi amsa ya ji sanyi na minti goma, shakkar ta dawo da ƙarfinta. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san cewa yawan neman tabbaci shi ke ciyar da wannan ciwo, kuma malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa wanda shakka ta aura ya yi watsi da ita kada ya biye mata. Malamin zaure, in ka zo masa da tambaya ɗaya sau uku, zai ce ka tashi ka tafi, sallarka ta yi, kada ka sake tambaya. Wannan korar ita ce maganin. Manhaja ba ta kora. Ka tambaye ta sau arba'in a dare ɗaya, sau arba'in za ta amsa da fara'a, rashin gajiyar da ake yaba mata ya zama shi ne cutar.

Me bincike ya nuna game da kaɗaici? A Maris na 2025 OpenAI da cibiyar Media Lab ta jami'ar MIT sun fitar da sakamakon binciken da suka bi kusan mutum dubu na tsawon mako huɗu, suka ga waɗanda suka fi daɗewa suna hira da manhajar a kullum su ne suka fi kukan kaɗaici, suka fi dogara da ita, suka fi rage cuɗanya da mutane. A nan sai a yi hattara da hukunci. In ka tsaya ƙofar farmasi za ka ga marasa lafiya sun fi kowa shiga, ba kuwa farmasin ce ta kwantar da su ba. Mai yiwuwa ne wanda kaɗaici ya riga ya kama shi ne ya fi neman manhajar. Abin da na gani a gidanmu shi ne duka biyun suna tafiya tare kamar igiya mai tufka biyu. Damuwa ta hana yaron barci, ya ɗauki waya, musamman da yake megar dare ta fi araha. Hirar ta kai shi ƙarfe uku. Ya tashi jiki a mace, ya kasa zuwa inda zai ga mutane. Rashin barci kuwa yana ƙara wa ciwon damuwa nauyi, wannan likitoci ba su da saɓani a kai. Dare ya sake yi, ba kowa sai wayar.

Can Amurka inda abin ya fara, ya riga ya kai gaban alƙali. A Oktoban 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai ƙarar kamfanin Character.AI bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, yana ta shaƙuwa da wata halitta ta manhajar tsawon watanni. A Agustan 2025 iyayen wani yaro ɗan shekara 16 a California sun kai ƙarar OpenAI kan irin wannan rashi. Kamfanin ya amsa cewa matakan kariyarsa na iya raunana idan hira ta yi tsawo, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. A Oktoban 2025 ya fitar da ƙiyasin cewa kashi 0.15 cikin ɗari na masu amfani da ChatGPT a kowane mako suna yin hira mai ɗauke da alamun shirin kashe kai. A cikin mutum miliyan 800, hakan ya haura miliyan guda. Jihar Illinois ta kafa doka a 2025 ta hana manhaja yin aikin mai warkar da ƙwaƙwalwa ba tare da ƙwararren mutum ba. Waɗannan duka a ƙasar da ke da lauyoyi da majalisa da ƴan jarida a kan kamfanonin ke nan.

Mu namu haɗarin yana da wani ƙarin gefe, shi ne harshe. Shingayen kariyar nan da Turanci aka fi gina su, da shi aka fi gwada su. A 2023 masu bincike a jami'ar Brown sun nuna cewa idan aka juya muguwar tambaya zuwa harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet, kamar Zulu, ana tsallake shingen GPT-4, wani zubi na ChatGPT, kusan sau 79 cikin ɗari. An yi gyare-gyare tun daga lokacin, amma gibin da ke tsakanin manyan harsuna da irin namu bai rufe ba. Balle Hausar Maradi, ta masu cewa shina da mi, mai gauraye da Faransanci a kowace jimla, wadda ta bambanta da Hausar labarai da manhajar ta fi karantawa.

Kuma Bahaushe ba ya faɗin irin wannan magana kai tsaye. Ba zai ce zai kashe kansa ba, domin ya san girman abin a addini da kuma abin kunyar da zai bar wa dangi. Cewa zai yi ya gaji da duniya. Ko da ma ya huta. Ko ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa ku yafe mini. Uwar da ta ji lafiyayyen ɗanta ɗan shekara 22 yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, ba azumi ke ƙaratowa ba, gabanta zai faɗi, ta ajiye muciya ta bi shi. Manhaja na iya ɗaukar kalmomin a fatarsu ta rubuto masa kyakkyawan bayani kan falalar yafiya. Ko ta gane ma, abin da ta saba yi shi ne ta ce ya kira lambar agaji ko ya ga ƙwararre, shawarar da aka tsara wa ƙasashen da waɗannan abubuwa ke kusa da hannu. Ba za ta ga ya rame ba. Ba za ta ga kwanon tuwonsa ya dawo a rufe ba. Ba za ta ji warin abin da ya fara sha ba, ko ta lura da fankon tiramol a aljihun rigarsa. Ba za ta iya tashi ta buga ƙofar ɗakinsa ba.

Sirrin ma da ake gudu dominsa ba cikakke ba ne. Hirar tana ajiye a rumbunan kamfani a wata ƙasa, kuma shugaban OpenAI, Sam Altman, ya faɗa a Yulin 2025 cewa ba ta da kariyar doka irin wadda ke tsakanin likita da majinyaci. A nan gida kuwa waya tana yawo: ƙane ya ara, miji ya duba, a kai wa mai gyara, a sayar a kasuwa ba a goge ba. Ni kaina ai ta haka na gani.

Wasu iyaye da na yi wa wannan magana sun ce to a ƙwace wayoyin. Ban yarda ba. Yaron da ya sami ƙofa ɗaya tak ta yin magana, in ka rufe ta ba ka buɗe masa wata ba, shiru zai koma, kuma shirun ya fi hirar haɗari. Abin da ya fi damuna ba hirar da yake yi da na'ura ba ce. Maganar da ya kamata ta iso kunnen mutum ce take ƙarewa a can, ya ji ɗan sauƙin da zai kai shi gobe, mu kuma mu ci gaba da zaton lafiya lau, har wata shida su wuce. Laifin wannan rabinsa namu ne. Haƙuri kalma ce mai daraja, amma mun mayar da ita murfi: yaro ya buɗe baki, kafin ya kai aya mun ce ka yi haƙuri, kowa da tasa jarrabawar.

Akwai abin koyi a kusa. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, su miƙa masu tsanani ga likita. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu benci ba ya mana wuya, kowace kusurwa a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Tsoho da Bagalam na Maradi akwai shi. Abin da ya rage shi ne a kowace fada a sami mutum ɗaya mai riƙe amana, wanda ya san cewa baƙin ciki da ya wuce mako biyu, tare da canjin barci da ci da janyewa daga abin da mutum ke so, ciwo ne da ake kai wa asibiti, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a da rubutu ba. Ya kuma san cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin raba kansa da duniya ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari tun 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka, don haka majo, wato babban ma'aikacin asibitin unguwa, ma wurin farawa ne.

Ɗan yayata na kai shi ya ga ma'aikacin lafiya, da sunan rashin barci, domin da wannan sunan ne ya yarda ya je. Har yanzu yana amfani da manhajar don Faransanci da lissafi, ban hana shi ba, mun dai yi alkawari waya ba ta kwana a ɗakinsa. Magana ido da ido kuwa har yau tana masa nauyi. Sai na lura in na goya shi a babur za mu gona, ni ina kallon hanya shi yana bayana, bakinsa yana buɗewa. Ranar Asabar ya fara magana tun muna fita daga gari, bai tsaya ba har muka shiga Tibiri, na rage wuta don kada hanyar ta ƙare da wuri.